Tumaki 870 da Ƙwaya Bakwai na Habbatus Sauda

A shekarar 1891, wani matashin likita a birnin Newcastle na Ingila, George Murray, ya karɓi wata mata mai shekara 46 wadda cuta ta riga ta cinye mata ƙarfi. Fuskarta ta kumbura, fatarta ta bushe, maganarta ta yi nauyi, ga jin sanyi ko a cikin ɗumi. Likitocin lokacin sun san cutar, domin William Gull ya bayyana ta tun 1873, amma ba su da abin yi mata. Murray ya samo tayirod na tunkiya, wato ƙullutun nan mai siffar malam buɗe littafi da ke gaban wuya, ya tatse ruwansa, ya yi wa matar allura da shi. Ta farfaɗo. Daga baya ta koma shan maganin ta baki, ta ƙara shekara 28 a duniya, ta rasu a 1919 tana da shekara 74. Da Murray ya yi lissafi, sai ya ga abin da ta sha a tsawon wannan lokaci ya kai na tumaki fiye da 870.

Wannan lissafi ya fayyace irin cutar. Mai raunin tayirod ba ƙwayar cuta ce ta shige shi da za a kashe a huta ba. Wani sinadari ne da jiki ke buƙata kullum ya yi ƙaranci, don haka dole a riƙa cike gurbinsa kullum. An fara gane hakan ne ta hanya mai ɗaci. A Suwizalan, inda maƙoƙo ya yi yawa, likitan tiyata Theodor Kocher ya yi ta cire wa mutane ƙullutun gaba ɗaya, sai a 1883 ya ba da rahoton cewa da yawansu sun koma masu kasala da dushewar tunani. A 1914 Edward Kendall ya ware sinadarin da kansa, tairoksin, a asibitin Mayo na Amurka. A 1927 Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji a Birtaniya. Jikan wannan aiki shi ne levothyroxine, 'yar ƙaramar ƙwayar da miliyoyin mutane ke haɗiya da sassafe a yau.

Habbatus sauda kuwa ta girmi duk wannan da dubban shekaru. An same ta a kabarin Fir'auna Tutankhamun, likitan Girka Dioscorides ya yi bayaninta, Ibn Sina ma ya sanya ta a littafinsa na likitanci. A wajen Musulmi, darajarta ta samo asali ne daga hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya siffanta ta da waraka ga kowace cuta, ya togace mutuwa. Ba abin mamaki ba ne idan wanda aka ce masa zai sha ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa ya juya ga kwalbar man da ke kowane shagon magungunan Musulunci daga Kano zuwa Maraɗi.

Sai dai magabata sun karanta hadisin da natsuwar da tallan zamani ba ya da ita. A wata ruwaya ta Bukhari, Ibn Abi Atiƙ ya ziyarci wani maras lafiya a Madina, ya ba da shawara a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai, a niƙa, a haɗa da mai, a ɗiga a hanci. Akwai adadi, akwai hanyar amfani. Ibn Hajar, a sharhinsa Fathul Bari, ya kawo ra'ayin al-Khaɗɗabi cewa lafazin ya zo a game amma ana nufin wasu nau'o'in cututtuka, ya kuma kawo ra'ayin waɗanda suka bar shi a kan gamewarsa. Malaman sun yi saɓani a kan faɗin ma'ana, amma tattaunawarsu cike take da batun gwargwado, da yanayin mai cuta, da abin da za a haɗa ta da shi.

Tarihin tayirod ma tarihin gwargwado ne, kuma duk lokacin da aka yi sakaci da shi an ji jiki. A 1820 Jean-François Coindet ya fara magance maƙoƙo da aidin a Janiba. Maganin ya yi aiki, mutanen gari suka shiga sha ba ƙaƙƙautawa, sai ga bugun zuciya da rama da rawar jiki, har aidin ya yi baƙin jini na tsawon lokaci. Shi ma garin tayirod na dabbobi da aka yi shekaru ana ba marasa lafiya, ƙarfinsa yakan bambanta daga wannan kwalba zuwa waccan. Sai da gwajin jinin TSH ya yaɗu a shekarun 1970 aka gano cewa ana ba mutane da yawa fiye da buƙatarsu, aka rage. TSH saƙo ne da wani ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod: idan sinadarin ya yi ƙaranci sai ya hau, idan ya yi yawa sai ya sauka. Shi ya sa ake auna levothyroxine da maikrogiram, kashi ɗaya cikin miliyan na giram, alhali habbatus sauda da cokali ake ɗibarta.

Hanyoyin biyu sun haɗu a birnin Tabriz na Iran. A 2016 masu bincike a can suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 40 masu cutar Hashimoto, wadda garkuwar jiki ke afka wa tayirod har ya raunana. (Sunan na likitan Japan ne, Hakaru Hashimoto, da ya bayyana ta a 1912.) An ba wasu giram biyu na garin habbatus sauda kullum har mako takwas, sauran aka ba su abin da ba shi da magani a ciki. Waɗanda suka sha ta, TSH ɗinsu ya sauka, nauyin jikinsu ya ɗan ragu, haka ma alamar farmakin garkuwar jiki. Labari ne mai daɗi, kuma shi ne tushen yawancin abin da ake yaɗawa a WhatsApp. Abin da masu yaɗawa ke tsallakewa shi ne, mutanen suna kan levothyroxine ɗinsu a duk tsawon gwajin. An jarraba habbatus sauda ne a matsayin ƙari. Mutum 40 a mako takwas kuma ƙaramin ma'auni ne ga cutar da matar Newcastle ta rayu da ita shekara 28.

A ganina, wanda ya yarda habbatus sauda tana aiki shi ya fi cancanta ya yi hattara da ita. Idan har tana motsa TSH, to adadin ƙwayar da likita ya tsayar kafin a fara shanta zai iya zama ba daidai ba, kuma yawan tairoksin yana jawo rikicewar bugun zuciya da raunin ƙashi, musamman ga tsofaffi. Tana kuma ɗan sauke sukari da hawan jini, abin lura ga mai shan magungunansu. Saboda haka mai son haɗawa ya sanar da likitansa, ya tsaya a kan adadi ɗaya, a sake gwajin jini bayan mako shida zuwa takwas, domin levothyroxine yana daɗewa a jiki kuma sauyi ba ya bayyana da wuri. Ita ƙwayar a sha ta da ruwa zalla, ciki ba komai, rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin karin kumallo. Mai da zuma da haɗe-haɗe su jira wani lokaci, maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuwa a ba su tazarar sa'a huɗu.

Haɗarin da ya fi girma shi ne ajiye ƙwayar gaba ɗaya, kuma yana da ruɗi, saboda makonnin farko mutum ba ya jin komai, sai ya ɗauka ya warke. Kasala da jin sanyi da kumburi sukan dawo a hankali, lokacin da an manta da dalilinsu. Ga mai juna biyu abin ya fi tsanani: a watannin farko ɗan tayi ya dogara ne kacokan a kan tairoksin na uwa don ginin ƙwaƙwalwarsa, kuma buƙatar uwar ƙaruwa take yi, shi ya sa likitoci kan ƙara mata adadin ƙwayar da zarar an tabbatar da cikin.