Kuɗin Karatu A Jami'o'in Nijeriya: Tarihin Wani Nauyi Da Masu Ɗaukarsa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya sami gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in Gwamnatin Tarayyar Nijeriya, abin da zai fara cin karo da shi, tun kafin ya ga fuskar malami, shi ne takardar kuɗaɗen da ake bukata ya biya. A cikinta akwai kuɗin rajista, da na jarrabawa, da na laburare, da na asibiti, da na wasanni, da na katin shaida, da na ɗakin gwaje-gwaje ga masu karatun kimiyya, sa'an nan da na ɗakin kwana ga wanda ya yi sa'ar samun gado. Abu guda ne ba zai gani ba, watau kuɗin koyarwa, wanda shi ne ladan karatun kansa, domin a hukumance an soke shi tun 1977. To, yaya aka yi karatun da ake kira kyauta yake neman ya gagari ɗan talaka? Wannan lacca za ta bi tarihin al'amarin, don ta nuna cewa karatun jami'a bai taɓa zama ba tsada ba. Abin da yake sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne wanda ake ɗora wa nauyin, da sunan da ake kiran nauyin da shi.

Zamanin Sikolashif

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ta soma aiki a Zariya ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne ubanta na farko. A wancan zamani ana biyan kuɗin koyarwa, da na abinci, da na ɗakin kwana, amma ba kasafai kuɗin suke fitowa daga aljihun mahaifin ɗalibi ba, musamman a Arewa. Gwamnatin Jihar Arewa tana cikin tsananin bukatar ma'aikata 'yan ƙasa da za su gaji Turawa a ofisoshi da asibitoci da makarantu, saboda haka kusan duk yaron da ya kai ga shiga jami'a yakan sami sikolashif. Galibi akwai sharaɗi: in ya gama, zai yi wa wadda ta ɗauki nauyinsa aiki na wasu shekaru, kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Wannan tsari ya yiwu ne don masu karatun ba su da yawa, kuma kowannensu aiki yana jiransa.

Ko a lokacin, ɗakin cin abinci shi ne inda ɗalibi ya fi jin zafin hukuma. Ɗalibin farko da 'yan sanda suka harbe a harabar wata jami'a a ƙasar nan, Kunle Adepeju, ya rasa ransa ne a Ibadan ran 1 ga Fabrairu, 1971, a zanga-zangar da ta samo asali daga ƙorafi a kan yadda ake tafiyar da sha'anin abinci.

Arzikin Man Fetur Da Soke Kuɗin Koyarwa

Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya daga ƙarshen 1973, sai Gwamnatin Mulkin Soja ta ga tana da halin ɗaukar ilmi kacokan. Zuwa 1975 ta karɓe jami'o'in da a dā suke hannun jihohi, har da ta Ahmadu Bello, ta kuma kafa sababbi bakwai, a Jos, da Maiduguri, da Sakkwato, da Kano, da Ilori, da Kalaba, da Fatakwal. Jami'o'i shida suka koma 13. A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, a 1977 kuma gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'i.

Lalle ne a lura da abin da wannan mataki ya ƙunsa, don a nan ne tushen duk abin da ya biyo baya. Soke kuɗin koyarwa bai rage ko kwabo daga tsadar koyar da ɗalibi ba. Malami zai karɓi albashinsa, za a sayi littattafai da sinadarai, za a biya kuɗin lantarki da ruwa. Abin da aka yi kawai shi ne, gwamnati ta ce ita za ta biya, ta kuma hana jami'o'i neman kuɗin a wurin ɗalibai. Watau an ɗaure rayuwar jami'a da baitulmalin Tarayya, shi kuwa baitulmali a ɗaure yake da farashin gangar mai, wanda ba a Nijeriya ake yanka shi ba.

Rikicin 1978

Ba a yi nisa ba sai kuɗin shiga na mai suka ja baya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. A farkon 1978 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wadda Dokta Jibril Aminu yake sakatarenta, ta ba da sanarwar cewa karatu yana nan kyauta, amma ɗakin kwana zai koma naira 90 a shekarar karatu mai mako 36, kuma an ƙara kuɗin tikitin abinci. Ƙungiyar Ɗaliban Nijeriya, a ƙarƙashin shugabanta Segun Okeowo, ta ƙi amincewa, ta yi kiran a ƙaurace wa azuzuwa a watan Afrilu. Kirarin ɗalibai shi ne lalle Ali ya sauka, watau Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi na Tarayya.

Ran 18 ga Afrilu aka harbe wani ɗalibin Jami'ar Legas, Akintunde Ojo. Da labari ya iso Zariya, ɗaliban Samaru suka fito, aka turo sojoji, aka yi asarar rayuka da dama. Daga bisani aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar ɗalibai, aka kori wasu malamai, kuma shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, suka bar kujerunsu. Ba a janye ƙarin ba.

Masu tuna wannan rikici sukan ce an zubar da jini a kan kwabo 50, watau sule biyar. Amma ɗaliban sun hango abin da ya fi sule biyar, sun gane cewa in aka buɗe wannan ƙofa ba za a sake rufe ta ba. Ita ma gwamnati ta koyi nata darasin: ambaton kuɗin koyarwa wuta ce, ba a taɓa ta da hannu. Daga nan kowace gwamnati ta riƙa kaffa-kaffa da sunan, tana barin nauyin ya zagayo ta bayan gida.

Yadda Nauyi Ya Sauya Suna

A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, masu sayar da abinci suka maye gurbin manyan ɗakunan cin abinci na jami'a. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, littattafai da kayan gwaji da ake sayowa daga waje suka fi ƙarfin jami'o'i, ga yawan ɗalibai yana ta ninkuwa. Kuɗin gado na naira 90 ya daɗe a rubuce bai motsa ba, sai dai an riƙa haɗa shi da kuɗin gyaran ɗakuna wanda ya ninka shi sau da yawa. Haka sauran kuɗaɗe suka riƙa tsirowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan wata hidima, kowanne kuma dole ne, domin wanda bai biya ba ba zai yi rajista ba, wanda bai yi rajista ba kuwa ba zai zauna jarrabawa ba.

Har wa yau, akwai abin da ya kamata a fahimta game da yadda kuɗi suke shiga jami'ar Tarayya. Albashi daga gwamnati yake zuwa. Gine-gine da horar da malamai galibi daga asusun harajin ilmi suke, wanda aka kafa a 1993 bayan yarjejeniyar 1992 da ƙungiyar malaman jami'o'i, inda aka yanka wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka mai da shi asusun manyan makarantu kaɗai, wanda aka sani da TETFund. Amma hidimar yau da kullum, irin su lantarki, da man janareta, da ruwa, da shara, da tsaro, da takardun jarrabawa, abin da gwamnati take bayarwa dominsu bai taka kara ya karya ba. Wannan giɓi shi ake cikewa da kuɗaɗen dole. Jami'o'in jihohi, waɗanda suka soma da ta Jihar Ribas a 1980, da masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba lasisi a 1999, su haramcin bai shafe su ba, suna karɓar kuɗin koyarwa da sunansa.

Shekarar 2023 Da Bashin Karatu

Ran 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Cikin 'yan watanni jami'o'in Tarayya da dama, har da ta Bayero a Kano, suka ninka kuɗin rajista. A Jami'ar Legas abin da yake wajen naira 20,000 ya haura naira 100,000, har ya kai kimanin 190,000 ga ɗaliban likita, kafin a ɗan rage bayan zanga-zanga. A lokacin kuwa mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Fadar Shugaban Ƙasa ta fito a watan Yuli ta ce karatu yana nan kyauta, kuɗaɗen hidima ne jami'o'i suka ƙara. Kusan kalma da kalma, maganar 1978 ce aka maimaita. A Kano sai da gwamnatin jiha ta ware kimanin naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 na Jami'ar Bayero, wanda ya tuna wa dattawa da zamanin sikolashif.

Maganin da Gwamnatin Tarayya ta kawo shi ne bashin karatu. An sa hannu a dokarsa a Yunin 2023, aka sake ta a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya soma karɓar takardun masu nema a watan Mayu. Bashin ba shi da ruwa, ana biyan kuɗin kai tsaye ga makaranta, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake soma biya. Wannan ba sabon abu ba ne: gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe saboda an kasa karɓo basussukan. Bashi ba ya biyuwa sai da aiki, saboda haka nasarar sabon shirin tana rataye ne a wuyan samun aikin yi.

Kammalawa

Cikin shekara 75 nauyin karatun jami'a ya tashi daga kan gwamnatocin jihohi ya koma kan arzikin mai, daga nan ya sauka a kan iyaye da sunan kuɗaɗen hidima, yanzu kuma ana miƙa shi ga ɗalibin kansa, ya biya daga albashin da bai soma karɓa ba. Riƙe kalmar kyauta ya hana a zauna a yi lissafi a fili: nawa ake kashewa a kan ɗalibi guda a shekara, nawa ne rabon gwamnati, nawa ne na iyaye, wa kuma za a ɗauke wa gaba ɗaya saboda rashin hali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muddin ba a yi wannan lissafi ba, ɗan manomin da ya ci jarrabawa ya kasa rajista shi ne zai ci gaba da biyan tsadar karatun kyauta, da gurbinsa.