Daga farantin rabo zuwa G12.1: tarihin gefen da sifana ke kamawa

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke injiniyarin a nan Kudu, musamman masu shirin tafiya SIWES. Ina so mu ɗan duba tarihin wani aiki da za ku tarar a masana'antun Ikeja ko Nnewi: fitar da shafaffen gefe a jikin ƙarfen da aka sassaƙa a injin lez.

Lez juya ƙarfe yake yi, wuƙa na tsaye tana ci, don haka abu mai zagaye yake fitarwa. Wajen 1800 Henry Maudslay a Ingila ya kyautata lez mai yanka zaren noti daidai wa daida. To amma kan noti gefe shida ne, ina mafita? Sai an kwance ƙarfen an kai injin milin, an ɗaure a farantin rabo. Farantin da aka saba, juyi 40 na hannu ke ba da zagaye ɗaya, kenan kowane gefe juyi 6 da biyu bisa uku. Matsalar ita ce duk kwancewa da sake ɗaurewa na iya gusar da tsakiya.

A ƙarshen shekarun 1940 John Parsons da Frank Stulen a Michigan ta Amurka suka yi amfani da katin huji wajen lissafa siffar fukafukan helikwafta. Rundunar sojin saman Amurka ta zuba kuɗi, a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin milin mai karanta umarni daga tef mai huji. Harshen da muke kira G-code ya samu tsari a farkon shekarun 1960 da sunan RS-274. Daga baya kwamfuta ta shiga cikin injin kanta, aka samu CNC, kamfanin Fanuc na Japan ya yi suna a nan.

Abin da ya haɗe injinan biyu shi ne wuƙa mai juya kanta a kan lez, da mayar da juyin ƙarfen wani layi da ake lissafawa, wato C. A Fanuc kana buga G12.1, a Haas G112, sai ka rubuta gefen kamar miƙaƙƙen layi. Injin ne zai riƙa juya ƙarfen a hankali yana tura wuƙar ciki da waje a layin X har gefen ya fito shafal. Ka gama, G13.1 ko G113 ya rufe.

Lissafin dai bai mutu ba fa. Kan noti na sifana 17, daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 19.63 ne, wato 17 a raba da kos 30. In ka sassaƙa ƙarfen ƙasa da haka, kusurwoyin za su fito a daƙushe, ba umarnin da zai dawo da su.

Shawarata, kada wata shida su ƙare kana danna koren maɓalli kawai. Roƙi oga ya nuna maka shirin, ka bi shi layi-layi. Iyayen gidanmu na Panteka a Kaduna sun iya aikin da hannu, wallahi ba a raina su. Wanda ya koma gida da hannun da kuma shirin, shi ne zai ƙera abin da yanzu sai an yi odarsa daga Legas.

Allah Ya ba mu sa'a.