Matan da Muka Binne Tare da Sunayensu

1/ Jama'a, tambaya ɗaya. Ku ambaci macen da ta kashe mijinta a Najeriya. Na san kun ce Maryam Sanda tun ban rufe baki ba. To yanzu ku ambaci mace ɗaya a garinku da mijinta ya kashe. Shiru ko? Kan shirun nan zaren yau yake. 🧵

2/ Kar a juya min magana. Ran Bilyaminu Bello da aka ɗauka a 2017 rai ne, Allah Ya jiƙansa. Abin da ke damuna, idan mace ta yi kisa labarin zagaye ƙasa yake, idan ita aka kashe sai a ce "kwana ne ya ƙare".

3/ Ina ƙarama a Mai'adua akwai wata maƙwabciyarmu. Duk unguwa na jin ihunta cikin dare. Sau uku tana yaji, sau uku ana mayar da ita da "ki yi haƙuri, aure ibada ne". Ranar da ta rasu aka ce zamewa ta yi a bayi. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna kuka, ba wadda ta ce uffan.

4/ Abin takaici, a masarautar Daura muke fa. Tarihin bakanmu ya ce mata ne suka fara mulkin ƙasar nan, magajiya bayan magajiya har zuwa Daurama. Muna kai baƙi rijiyar Kusugu muna alfahari da sarauniya, alhali 'yar gidanmu na kwana da kumburarren ido.

5/ Kakanninmu ma sun bar wa mace ƙofa: yaji. In zama ya yi tsami ta tafi gidan iyayenta, miji ya zo biko, manya su titsiye shi ya faɗi laifinsa. Yau da yawa tun a zaure ake juyo da ita, wai kar a ce 'yar gidan wane ta kasa zaman aure.

6/ Doka fa? Kundin Final Kod na Arewa da ya fara aiki a 1960, sashe na 55, ya ce ba laifi ba ne miji ya "hori" matarsa inda al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Mummunan rauni a kundin ya haɗa da karaya, makanta, ko ciwon da ya kai kwana 20. Ku auna abin da ke ƙasa da haka.

7/ Sai a 2015 aka samu dokar VAPP ta tarayya, wadda ta ɗauki dukan mata ko miji a matsayin laifi ƙarara. A Abuja kaɗai ta fara aiki, jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Shekara 55 tsakanin dokokin biyu. Mata nawa aka binne a tsakani?

8/ Ga 'yan sunayen da suka kai kotu. Titilayo Arowolo, ma'aikaciyar banki a Legas: mijinta ya caccaka mata wuƙa a 2011, aka yanke masa hukuncin kisa a 2014.

9/ Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar coci, ta rasu a Abuja a Afrilun 2022. Bayan mutuwarta ne 'yan'uwa da abokan aiki suka fara faɗin azabar da ta sha. A Afrilun 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin rataya.

10/ Sai tamu, Ummukulsum Sani Buhari, Ummita. Ranar 16 ga Satumba 2022 saurayinta ɗan Chana ya kashe ta da wuƙa a gidansu da ke Janbulo, Kano. Babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a Maris 2024. Kun tuna abin da wasu suka riƙa rubutawa nan? "Ai kuɗinsa ta ci." Gawa ce aka sa a gaba ana tuhuma.

11/ Ku lura: waɗannan a birni suke, inda akwai 'yan jarida. Ta ƙauyen bakin iyaka, tsakaninmu da Nijar, kafin azahar an kai ta makwancinta, ba binciken likita, ba rahoto. Dangi su ce sun bar wa Allah.

12/ Ranar 25 ga Nuwamba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 1999 don yaƙi da cin zarafin mata, daga kisan 'yan'uwa mata uku 'yan gidan Mirabal a Jamhuriyar Dominika a 1960 ta samo asali. Gwamnati ce ta kashe su, amma darasin ɗaya ne: mutanensu sun ƙi barin sunayen su ɓace.

13/ Masu fakewa da addini kuma: Nana A'isha ta shaida Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Da wa kuke koyi?

14/ Ba fatan mutuwar auren kowa nake ba. Roƙona, in yayarka ko ƙanwarki ta dawo gida da tabo, a buɗe ƙofa, a kai ta asibiti, a kai maganar gaban alƙali kafin a yi zancen biko. Gara a kira ta bazawara da a kira ta marigayiya.

15/ Maƙwabciyarmu ta bar yara biyu. Babbar sa'ata ce, tare muka yi Islamiyya. Har yau in an tambaye ta, cewa take mamanta zamewa ta yi.

Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.