Dutsen Dala da Ganuwar Kano: Tarihin Gini da Saɓanin Shekaru

Dala dutse ne a cikin tsohon birnin Kano, kuma a gindinsa ne garin ya fara. Matafiyin da ya taso daga bakin iyakar Jibiya, ya biyo ta Katsina da Bichi, ta arewa zai shigo birnin, inda Dala da Goron Dutse suke. Daga ƙolin Dala ana hango abin da ya rage na badala, da unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, da wajen fadar Sarki.

Mafi daɗewar shaida ita ce ta maƙera. Masu tonon kayan tarihi sun sami burbushin narkar da tama a Dala, aka auna shi ya kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Labarin Barbushe, mai bautar Tsumburbura a Dala, kuwa kowa ya san shi, sai dai a tuna cewa daga littafin Tarihin Kano ya yaɗu, kuma littafin da kansa ya ce Bagauda, sarki na farko a jerinsa, a Sheme ya zauna, ba a Dala ba.

A kan wannan littafi saɓanin yake. Da Larabci aka rubuta shi, kuma abin da ya bayar shi ne yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado. H. R. Palmer, wanda ya buga shi da Turanci a 1908, shi ya ƙirga shekarun nan da baya da baya har ya kai 999 ga Bagauda. Daga lissafinsa ne aka sami 1095 zuwa 1134 na Gijimasu, sarkin da aka ce ya fara gina ganuwa mai ƙofa takwas, da 1136 zuwa 1194 na Tsaraki, wanda ya kammala ta. Waɗannan shekaru ake koyarwa a makarantu kamar an sassaƙa su a dutse. Amma Murray Last da John Hunwick sun nuna cewa a shekarun 1880, zamanin Sarki Muhammadu Bello, aka tsara littafin yadda yake a yau, M. G. Smith kuma ya tafi a kan cewa ya fi haka daɗewa, ana ta yi masa ƙari. Ko ma wane ra'ayi aka bi, jerin sarakunan ya fi shekarunsu abin dogaro. Da an yi kuskuren shekara goma a sarauta ɗaya, duk waɗanda suka gabace ta sun goce.

Daga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ƙasa ta fi ƙarfi a ƙarƙashin ƙafa, domin zuwan Shaihu Al-Maghili Kano a wajen 1492 yana da shaida a wasu rubuce-rubuce. Rumfa ya faɗaɗa ganuwa ta kudu da gabas, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune a ciki har yau. Da wannan gini mulki ya bar gindin Dala ya koma fili. Gidan Makama, da ake danganta shi da wannan zamani, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Faɗaɗawa ta ƙarshe, ta ɓangaren yamma wajen Ƙofar Kabuga, an yi ta a zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, lokacin da yaƙi da Katsina ya yi tsanani, kuma Wambai Giwa ne ya tsaya a kan aikin.

Ba gidaje kaɗai ganuwar ta kewaye ba. Ta haɗa da gonaki da makiyaya da kududdufai, yadda idan abokan gaba suka yi wa birni zobe, mutanen karkara za su shigo da dabbobinsu a ci gaba da noma. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, kuma gyaran badala bayan damina aikin gayya ne. Hugh Clapperton, da ya zo a 1824, ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ƙofofinta 15. Heinrich Barth ya hau Dala a 1851 ya zana birnin daga sama.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin da igwa, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Daga nan gyaran shekara-shekara ya ja baya. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa da masu gini suka ci saura, an kuma rushe wasu ƙofofi an sake su da siminti don motoci su wuce. A 2007 aka shigar da ganuwar da Dutsen Dala cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.