Ƙarshen Ciyar da 'Ya'ya Bayan Saki: Daga Balaga Zuwa Ƙayyade Shekaru

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa saki ba ya kayar da nafaƙar 'ya'ya daga wuyan ubansu. Ciyar da matar da aka yi wa sakin kome yana ƙarewa da cikar iddarta, amma na ɗanta yana nan, ko yaron yana hannunta ko yana hannun uban, domin nasaba ce ta wajabta shi. Hujjarsu ita ce aya ta 233 ta Suratul Baƙara, da aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, da hadisin Hindu 'yar Utba wadda Manzon Allah (S.A.W) ya yi wa izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar Abu Sufyan. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan nassoshi da ya ambaci ranar da wannan wajibi zai sauka. Wannan gurbi ijtihadi ne ya cike shi, kuma ba da amsa guda ba.

A mazhabar Malikiyya an tsayar da maganar tun a Mudawwanar Sahnun (ya rasu 240H/854M). Ibnu Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386H/996M) ya taƙaita ta a Risala, Shehu Halil kuma ya ƙulle ta a Muhtasar a ƙarni na 8 na Hijira. Namiji ana ciyar da shi har ya balaga yana mai hankali, mai ikon nema. Mace kuwa har sai mijinta ya tare da ita, ko an kira shi zuwa ga tarewa; ɗaurin aure kaɗai bai isa ba. Wanda ya balaga da makanta ko tabuwar hankali ko naƙasar da ta hana shi nema, ciyarwarsa na ci gaba. Amma in ya balaga lafiya lau, daga baya lalurar ta same shi, mashhurin zance shi ne ba ta komawa kan uba. Haka 'yar da mijinta ya tare da ita, sannan aurenta ya mutu tana baliga mai lafiya. Waɗannan rassa biyu suna da tsauri, kuma sun nuna yadda Malikawa suka ɗauki lamarin: wajibi ne da in ya faɗi bisa ƙa'ida, to ya faɗi ke nan.

Sauran mazhabobi kowace ta bi tata hanya. Hanafawa sun rataya al'amarin namiji a kan isa munzalin nema, har suka halatta wa uba ya sa ɗansa sana'a tun kafin balaga, ya ciyar da shi daga abin da ya samu. 'Ya kuwa in an sake ta, ciyarwarta na komawa kan mahaifinta. Shafi'awa ba su bambance namiji da mace ba, sun tsaya a balaga matuƙar akwai ikon nema. Hanbalawa su ne mafi yalwa, domin talauci da rashin abin yi suka duba.

Idan aka lura, babu adadin shekaru a cikin wannan duka. Adadi yana shigowa ne kawai in alamomin balaga sun jinkirta: 18 a mashhurin Malikiyya, 15 a wurin Shafi'awa da Hanbalawa da almajiran Abu Hanifa biyu. Dalilin bai ɓuya ba. A Ƙairawan ko Kufa ta wancan zamani, yaron da ya balaga ya riga ya iya noma ko saƙa ko tsaron shago, saboda haka balaga da iya ciyar da kai tare suke zuwa, malami bai ga buƙatar raba su ba.

Wanda ya fara raba su shi ne ɗalibin ilmi. Ga saurayi baligi, lafiyayye, amma karatu ya hana shi nema: shin a ƙirga shi cikin gajiyayyu? Magabatan Hanafawa suka ce a ƙirga shi. Daga baya aka sami fatawar da ta hana, bisa hujjar cewa yawancin ɗaliban lokacin sun lalace, suna fakewa da karatu suna ɓata lokacinsu a jayayya. Sannan Tatar suka auka wa ƙasashen Musulmi na gabas. Hawarizm ta faɗi a hannunsu a 1221M, malamai da ɗalibai masu yawa suka halaka. Bayan wannan fitina, kamar yadda aka kawo a littafin Alƙunya na Azzahidi (ya rasu 658H/1260M), wanda shi kansa mutumin Hawarizm ne, aka koma ga zancen magabata, don gudun kada neman abinci ya ɗauke ragowar masu karatu, ilmi ya tozarta. Ibnu Abidin (ya rasu 1252H/1836M) ya kawo wannan taƙaddama a hashiyarsa, inda magana ta tsaya a kan ɗalibi mai shiriya wanda da gaske karatun yake yi. Fatawa ta juya sau biyu a kan mas'ala guda ba tare da nassi ya canja ba. Halin ɗalibai ne ya canja, da kuma buƙatar al'umma gare su.

Abin da ya kasance togaciya ga ɗalibai 'yan ƙalilan ya zama halin gama-gari a ƙarni na 20, da makarantun zamani suka tsare yara a aji shekaru masu yawa bayan balaga. A lokacin ne kuma gwamnatoci suka shiga rubuta dokokin iyali, ita kuwa doka adadi take so. Aljeriya a dokarta ta 1984 ta riƙe tarewar miji ga 'ya mace kamar yadda Malikawa suka faɗa, ta mayar da iyakar namiji shekarun rushdi, wato 19, ta kuma ce ciyarwa na ci gaba ga mai karatu da mai lalura. Masar, wadda tushen shari'arta Hanafiyya ne, ta zo da doka mai lamba 100 ta 1985, ta sa shekara 15 ga namiji mai ikon nema. In kuwa lalura ta hana shi, ko neman ilmin da ya dace da irinsa, ko ma rashin samun aikin, to uba bai sauke ba. Shigar da rashin aiki cikin uzurori mataki ne babba, domin ya amsa cewa ƙarfin jiki daban, samun abin yi daban. Tunisiya a gyaran 1993 ta sa wa ɗalibi iyakar shekara 25. Maroko ma, a sashe na 198 na Mudawwanar Iyali ta 2004, ta ce shekarun rushdi, wato 18, ko 25 ga mai karatu, 'ya mace kuma har ta sami abin dogaro da kai ko ciyarwarta ta wajaba a kan miji.

Waɗannan adadi siyasar shari'a ce, ba su da matsayin nassi, kuma suna da aibinsu: wani zai kai 25 bai kammala ba, wani zai yi rajista a jami'a don kawai kuɗin uba ya ci gaba da zuwa, wato dai ƙorafin da aka yi tun kafin zamanin Azzahidi. Duk da haka sun fi kusa da manufar malaman farko fiye da riƙe lafazin balaga shi kaɗai, domin Halil bai ambaci balaga ba sai da ya haɗa ta da ikon nema.

Misalin Maroko da Aljeriya ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, saboda mazhaba ɗaya ce, littattafan ma su ne dai. Alƙalan arewacin Nijeriya suna hukunci a kan saki da reno da ciyarwa daga Risala da Muhtasar da Tuhfar Ibnu Asim, Nijar kuma ba ta kai ga zartar da kundin dokar iyali ba. Saboda haka idan uba ya tsaya gaban alƙali ya ce ɗansa mai shekara 16 da ke sakandare ya balaga, fassarar da alƙali zai yi wa ikon nema ita za ta yanke ko yaron zai zauna jarrabawa ko zai koma tasha.

Akwai kuma wani reshe na Muhtasar da ke iya kawo ƙarshen ciyarwa tun kafin balaga, ba tare da uwa ta ankara ba. A Malikiyya, nafaƙar ɗa tana faɗuwa da shuɗewar lokaci ko da uban mawadaci ne, saɓanin ta matar aure da ke zama bashi a kansa. Ba a bin uba abin da ya wuce sai in alƙali ya riga ya yanka masa, ko kuma wanda ya ciyar da yaron ya yi ne da niyyar a biya shi. Matar da aka saka, ta yi kawaici shekara biyar tana ɗawainiya da 'ya'yanta a gidan iyayenta, ba ta kai ƙara ba, ba ta kafa shaida ba, in ta zo neman abin da ta kashe sai ta tabbatar wa kotu cewa ba kyauta ta yi ba.