Daga Kalangun Mahauta Zuwa Allon Roba: Tarihin Allon Shago a Ƙasar Jega

Ni ɗan Dangamaji ne, kuma kamar kowane ɗan garinmu, Jega ce babbar kasuwata. Duk wanda ya shiga Jega a yau, ko ya bi titin da ya miƙe zuwa Maiyama da Koko, ko ya juya ya nufi Aliero, idonsa ba zai huta da karatu ba. Mai kemis da allonsa, tela da nasa, mai cajin waya, mai POS, mai sayar da taki da maganin feshi, kowa ya kafa sunansa a saman ƙofa. Wani allon na kwano ne da fenti, wani na leda ne da aka buga da inji, wani kuma na robar nan ce mai sheƙi da ake kira akirilik, wadda ke haske da dare. Yaran yanzu sun ɗauka haka kasuwa take tun fil'azal. Ba haka ba ne. Jega ta shekara fiye da ɗari tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa ba tare da allo ko ɗaya a bakin rumfa ba.

Wajen shekarar 1820 ne Buhari, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, ya kafa Jega a gefen Gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, garin ya zama matattarar fatake a yammacin Daular Usmaniyya. Ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a nan, ana hada-hadar kanwa da gishiri da tufafi da fatu da dabbobi. Duk wannan ciniki ya gudana ne bisa tsarin da bai buƙatar rubutu a bango. Kowace sana'a da layinta: 'yan koli a gefe guda, dukawa a nasu, masu hatsi a nasu, kara kuma can waje. Baƙon da ya zo da kaya yana sauka ne gidan fatoma, shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Sunan mutum da na gidansu su ne shaidarsa.

Talla kuma ta kunne ce. Idan mahauta suka yi yanka, kalangu ne ke sanar da gari cewa nama ya samu. Ƙarar guduma a kan uwar maƙera ita ke kai manomi wurin maƙeri. Wanzami zabirarsa ce ke gabatar da shi, 'yar talla kuma muryarta. Har gobe Aliero na ba da misalin wannan tsohon tsari: masu ɗorin garin sun yi suna har ƙetaren Nijeriya, kuma bakin waɗanda suka warke ne ya kai sunan nasu, tun ba a san allo ba. Rubutu akwai shi, domin ƙasa ce ta malamai da ajami, amma wurinsa allon karatu da wasiƙa da littafi. Ba wanda ya ga dalilin rubuta sunansa a bakin rumfa alhali duk kasuwa ta san shi, ta san ubansa.

Allon talla ya shigo Arewa ne tare da kantunan Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da UAC da CFAO, waɗanda ke sayen gyaɗa da auduga da fatu, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Allunansu na ƙarfe ne mai rufin tangaram, daga Turai ake kawo su da rubutunsu. Daga baya kamfanonin taba da sabulu da lemon kwalba suka riƙa raba wa masu tireda alluna kyauta, tambarin kamfani babba a sama, ɗan fili a ƙasa inda za a rubuta sunan mai shago. Da yawa daga ƙananan 'yan kasuwarmu a irin wannan fili suka fara ganin sunansu a rubuce.

Amma allo ba shi da amfani sai da mai karanta shi. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, sannan a shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa jagoranci, manya suka koyi boko a azuzuwan yamma. A 1976 shirin ilimin firamare kyauta ya cika makarantun ƙauyuka da yara. Ga kuma kwalta da motoci, waɗanda suka mai da Jega mararraba tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Mai saye ya zama matafiyin da bai san kowa a gari ba, ya sauka a tasha yana neman kemis ko bakanike. Wannan baƙon ne ya haifar da allon shago, domin shi ba shi da fatoma, sai abin da idonsa ya karanta.

Masu rubutun allo na farko a ƙasarmu hannunsu ya faɗa ne a jikin manyan motoci. Su ke zana zaki da gaggafa da masallaci a bodin katako, su rubuta addu'a ko karin magana a goshin mota. A kudu sana'ar ta riga ta bunƙasa, musamman a Onitsha, inda wani mai zane, Augustine Okoye, da aka fi sani da Middle Art, ya yi suna har ayyukansa suka kai gidajen nune-nune na Turai. 'Yan kasuwar kudu da suka buɗe shagunan magani da kayan gyaran mota a garuruwanmu sun zo da al'adar kafa allo, mutanenmu suka gani suka ɗauka.

Na tarar da ƙarshen wannan zamani. Akwai wani dattijo da ke aiki a inuwar wata bishiya kusa da tasha, kayan aikinsa gwangwanayen fentin mai, da kananzir na tsarma shi, da buroshi kala-kala, da alli, da zare. Zai shafa wa zaren alli, ya ɗaure shi a gefe biyu na falanki, ya ja ya saki, layi ya fito a miƙe. Haruffan da ake yawan maimaitawa kuwa yana yanka su da reza a tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti, ya ɗora ya dangwala fenti da soso. Idan mai shago ya zo da jerin kaya goma yana so a rubuta, sai ya ce: "Alhaji, mai wucewa a mota ba ya karanta wasiƙa. Sunanka da abin da kake sayarwa sun isa." Wanda bai iya karatu ba ma an tanadar masa: almakashi ga tela, kan mutum da sabon aski ga mai aski, kwalba da ƙwaya ga mai magani. Har yau ban ji wata ƙa'ida ta tsara allo da ta wuce tasa ba.

Ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991 ya kawo wa masu fenti kasuwa, domin duk allon makaranta da asibiti da ofis da ke ɗauke da sunan Jihar Sakkwato sai da aka sake shi. Shekara goma bayan haka, a 2001, wayar salula ta shigo, aka wayi gari bangon shaguna sun koma ruwan ɗorawa na MTN, daga 2003 kuma koren Glo ya biyo baya. Kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero a 2006 ya jawo shagunan kwafi da buga takardu da gidajen abinci, masu cinikinsu ɗalibai ne daga ko'ina, kuma kowane shago na neman ya fi na kusa da shi ɗaukar ido. A wannan tsakanin ne injinan buga allon leda, wato bana, suka yawaita, aka koma tsara allo a kwamfuta da CorelDRAW. Abin da mai buroshi zai kwana uku yana yi, inji ya gama shi cikin sa'a guda, har da hoto. Kakar zaɓe ta koma hannun masu inji, tsofaffin masu fenti da yawa suka ajiye buroshi. Sai dai bana ba ta jure wa ranar Kebbi: launi ya koɗe, iskar farkon damina ta yage ta.

Wannan rauni ne ya buɗe wa akirilik ƙofa. Robar ba sabuwa ba ce a duniya. A Jamus, kamfanin Otto Röhm ya fito da ita a 1933 da sunan Plexiglas, a Ingila kuma kamfanin ICI ya kira tasa Perspex, sunan da masu sana'ar a Nijeriya suka fi kiranta da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu da ita aka yi tagogin jiragen yaƙi, saboda ta fi gilashi sauƙin nauyi, ba ta tarwatsewa kamarsa, haske kuma na ratsa ta sosai. Bayan yaƙi ta koma hannun masu allunan talla. A nan gida bankuna da gidajen mai ne suka fara amfani da ita, ƙaramin ɗan kasuwa sai dai ya kalla, har zuwa lokacin da injinan yanka na leza da fitilun LED masu araha suka shigo daga Sin.

Aikinta na buƙatar natsuwa. Ana sayen ta falle-falle, ƙafa 4 a ƙafa 8, mai kaurin milimita 3 ce aka fi yi wa allon shago. A tsara haruffa a kwamfuta, leza ta yanke su, a gasa gefen da za a lanƙwasa har ya yi laushi, a manne da kulorofom, a jera fitilu masu cin bolt 12 a ciki, a ɗaura a firam na ƙarfe. Waɗannan fitilu ƙaramin batirin sola ma yana riƙe su, abin da ya dace da garuruwan da wuta ba ta da tabbas. Rana ba ta saurin cin launinta, amma tana karcewa idan aka goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, kuma tana tsagewa idan aka matse ƙusa ba a bar mata wurin motsi a lokacin zafi ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙara yawan masu POS, kuma su ne suka fi kowa son ƙaramin allo mai haske da ake hangowa daga nesa.

Abu biyu ne ke damuna. Na farko, yawancin aikin ba a hannun yaranmu yake ba. Mai shago a Dangamaji ko Maiyama yakan tura bayaninsa ta WhatsApp zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano, allon ya dawo masa a motar haya, kuɗin ya tafi can. Na biyu, harshe. Mai shagon da duk cinikinsa da manoman albasa da shinkafa ne zai biya kuɗi mai yawa a yi masa allo da Turancin da shi kansa bai iya karantawa ba. Idan ma an sa Hausa, sai a zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, haruffan da aka tsayar tun shekarun 1930 kuma suke cikin kwamfuta da wayar kowa a yau. Ajami kuwa, wanda dattawanmu da almajirai ke karantawa ba gargada, kusan ba a ganinsa sam. Kuskuren fenti ana shafe shi da buroshi, amma wanda leza ta yanka zai shekara da shekaru a saman ƙofa yana koya wa yara rubutun da ba daidai ba.

Don haka ina kira ga masu hali na Jega da Aliero da Maiyama su haɗa hannu su samar da injin yanka a yankin nan, su sa matasanmu masu ilimin kwamfuta a kansa. Matasan kuma su nemi tsofaffin masu buroshi da suka rage, su koyi auna harafi da zaɓen launi da taƙaita magana tun suna raye. Kai kuma ɗan'uwa mai shago, kafin ka biya kuɗin allo, ka tambayi kanka wa zai karanta shi, ka sa a rubuta da harshensa, ka kai wa malami ya duba kafin a yanka. Sannan ka tabbata abin da ka rubuta a waje shi ne mai saye zai tarar a ciki, domin sunan da ka ɗaga sama amana ce, kamar yadda take a zamanin fatoma. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu.