MANAGUWA: BIRNIN DA AKE KWATANCE DA ABIN DA YA RUSHE

Mai karatu, yau zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, in kai ka Managuwa, babban birnin ƙasar Nikaraguwa da ke Amurka ta Tsakiya. Abin da ya ja hankalina ga garin shi ne yadda mutanensa ke kwatance. Yawancin titunansa ba a kiran su da suna. In ka tambayi gidan wani, sai a ce maka ka fara daga inda ƙaramar bishiya take a da, ka yi layi biyu wajen tafki. Bishiyar kuwa ta daɗe da tafiya. Na ce a raina lallai akwai labari a nan, kuma da na bi diddigi sai na tarar da shi.

Tun farko ma Managuwa ta sami sarauta ne a dalilin rigimar wasu. Manyan biranen ƙasar biyu, Leon da Giranada, kowanne ya kafe sai dai shi ya zama fadar gwamnati. Da aka gaji, a shekarar 1852 aka ɗauki wannan gari da ke tsakaninsu, a bakin tafkin Managuwa, aka ba shi. Raba gardama aka yi, amma ƙasar wurin tana da motsi.

Girgizar ƙasa ta rusa garin a 1931, aka sake ginawa. Sai daren 23 ga Disamba, 1972, da misalin ƙarfe goma sha biyu da rabi, mutane na barci ana shirin Kirsimeti, ƙasa ta sake girgiza. Dubban mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka wayi gari ba matsuguni, gobara kuma ta cinye abin da ya rage na tsakiyar birni.

To, wannan ƙaddara ce, ba wanda ya isa ya hana. Abin da ya biyo baya ne aikin ɗan Adam. Ƙasashen duniya suka yi ta aiko da agaji, sai Janar Anastasiyo Somoza, wanda gidansu ke juya ƙasar tun 1936, ya zama shugaban kwamitin agajin. An ba kura ajiyar nama ke nan. Sojojinsa suka shiga wawason shaguna, kayan agaji da kuɗi suka yi ta sulalewa zuwa hannun na kusa da shi. Labarin ya kai kunnen Robato Kilemente, shahararren ɗan wasan ƙwallon gora ɗan Fotoriko, ya ce shi da kansa zai raka kayan. Ranar 31 ga Disamba, 1972 jirginsa ya faɗa teku jim kaɗan da tashi, bai isa ba.

Tsakiyar garin ba a sake gina ta yadda take ba. Birnin ya watsu unguwa-unguwa, tsohuwar majami'a na nan tsaye da tsagu a jikinta. Tituna kuwa aka shimfiɗa su da bulon siminti, wanda masana'antar Somoza ke bugawa.

Daga nan har attajiran da ke bayansa suka fara juya masa baya. Da aka kashe ɗan jarida Pedro Chamorro, editan La Prensa, a Janairun 1978, sai gari ya ɗauki wuta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bulon nan na Somoza shi matasa suka riƙa tonewa suna tare hanya da shi suna yaƙar sojojinsa. Ranar 17 ga Yuli, 1979 ya tsere, bayan kwana biyu 'yan tawayen Sandinista suka shigo Managuwa. A 1980 aka kashe shi a Faraguwai.

Da a littafina na rubuta haka, wani sai ya ce na cika ƙari. Amma ga shi ya faru. Mutanen Managuwa sun jure abin da ƙasa ta yi musu, wanda ya ci amanarsu ranar makoki ne suka kasa yafe wa. Duk wanda aka damƙa wa kayan mabukata, ya tuna da wannan gari.

Allah Ya kiyashe mu cin amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.